Tsaga a kayan sitiyarin tsofaffin motoci: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin masu riƙe da tsofaffin motoci, irin waɗanda suka shekara hamsin, saba'in, wasu ma ɗari, kuma har yanzu ana hawansu. Na fi damuwa da sitiyari a kan kowane sashe na mota, don kuwa inji in ya lalace tsayawa motar ke yi, birki in ya tsinke akwai na hannu akwai giya, amma hannun sitiyari in ya karye babu na biyu da zai karɓi aikinsa.

1. Waɗanne sassa ake nufi da kayan sitiyari?

Duk abin da ke tsakanin tafin hannun direba da tayoyin gaba. A yawancin tsofaffin motoci, sandar sitiyari tana gangarawa cikin akwatin sitiyari. Daga akwatin wani gajeren shaf ke fitowa, a bakinsa aka ɗaura hannun da ake kira fitman. Fitman yana tura wata doguwar sanda, ita kuma ta tura hannun sitiyari da ke ɗaure a jikin sifindil, wato guntun ƙarfen da boris da ƙafar mota ke juyawa a kansa. Tayirod ne ke haɗa ƙafar dama da ta hagu don su juya tare. Sifindil kuwa yana juyawa ne a kan kinfin, wato sandar ƙarfe da ke tsaye ta haɗa shi da gaban motar, ko bol-join, wato mahaɗa mai ƙwallo, a motocin da suka biyo baya.

Wasu motocin, kamar Morris Minor da ta fito a 1948, suna da rak, wato sanda mai haƙora da ke zamewa dama da hagu, a maimakon akwati da fitman, don haka gaɓoɓinsu ba su kai haka yawa ba. Ko ta wace hanya aka bi, jerin kamar sarƙa yake, zobe ɗaya ya isa ya tsinka shi.

2. Motata ba ta taɓa karo ba. Me zai sa ƙarfen ya tsage?

Gajiya. Ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, za ta tsinke ba tare da ka ja ta da ƙarfi ba. Haka yake faruwa da hannun sitiyari, sai dai lanƙwasar ƙanƙanuwa ce ido ba ya gani, kuma ana yin ta sau miliyoyi: kowace kwana, kowane rami, kowane taka birki. Tsagar tana farawa ƙarama ƙwarai a saman ƙarfen, ta riƙa cin ciki a hankali shekara da shekaru, har abin da ya rage lafiyayye ya kasa ɗaukar nauyi, sai ya ɓalle lokaci guda.

A harkar jirgin ƙasa aka fara gane wannan. A 1842 aksul ɗin kan jirgi, wato sandar da ke haɗa ƙafafunsa, ya karye tsakanin Versailles da Paris a Faransa, mutane da yawa suka mutu. Bayan haka wani injiniyan Jamus, August Wöhler, ya shafe shekaru yana gwada aksul-aksul na jirage, ya nuna cewa nauyin da bai kai ya karya ƙarfe a karo ɗaya ba yana iya karya shi in aka yi ta maimaitawa. Tun daga lokacin aka kuma san cewa tsagar ba ta farawa ko'ina kawai, tana neman wurin da aka riga aka yi mata ƙofa, kamar kusurwa mai kaifi, ko zanen magagari, ko ramin da tsatsa ta ci, ko gindin zaren noti. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

3. Sitiyarina ba ya wasa ko kaɗan, motar kuma tana tafiya santal. Ba shi ke nan ba?

Ba shi ke nan ba, kuma wannan ce tambayar da na fi so mai tsohuwar mota ya tsaya a kanta. Cinyewa daban, tsagewa daban. Gaɓar da ta cinye tana ba da sanarwa: sitiyari ya yi sako-sako, a ji ƙwas-ƙwas a kan gargada, taya ta ci gefe guda. Tsaga ba ta yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hannun sitiyarin da tsaga ta ci rabinsa yana iya riƙe ƙafar mota gam, ba motsi ba ƙara, domin bakin tsagar a haɗe yake, sauran rabin kuma yana aikinsa. Direba ba zai ji bambanci a hannunsa ba har ranar da zai karye.

Saboda haka duba biyu ake yi, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Na farko girgizawa ne don gano cinyewa, yana tambaya ta 5. Na biyu kwance kayan ne a wanke a gwada, yana tambaya ta 6 zuwa ta 8. Mutane da dama suna yin na farko duk shekara, ba su taɓa yin na biyu ba tun da suka mallaki motar, kuma mai yiwuwa wanda ya sayar musu ma bai taɓa ba.

4. A ina tsaga ta fi fitowa?

Duk inda kauri ya sauya kwatsam. A sifindil, gindinsa ne, daidai inda siririn ɓangaren da boris na ciki ke zama ya haɗu da jiki mai kauri. A hannun sitiyari, cikin lanƙwasar da ke kusa da inda aka ɗaure shi. A fitman, kewayen ramin da ke kama shaf ɗin akwati, da wuyan ƙwallon da ke ƙarshensa. A shaf ɗin akwatin kansa, inda haƙoransa suka ƙare. A tayirod, zare na ƙarshe da ke bakin matsewa. Kada a manta da shasi: wurin da akwatin sitiyari ke ɗaure yana shan murɗa sosai, kuma tsagar kan fito daga ramin ƙusa ta bazu.

Kowace irin mota da inda take ciwo, masu ita kuma sun sani. Austin Seven, wadda aka yi daga 1922 zuwa 1939, ta yi suna wajen tsagewar hannun sitiyari a cikin lanƙwasarsa. MG TC ta 1945 zuwa 1949 ana yawan samun tsaga a gindin sifindil ɗinta. A Volkswagen Beetle, sifindil na hagu rami gare shi a tsakiya, ta nan wayar agogon gudu ke bi, don haka ya cancanci a ƙara masa ido. Akori-kurar Chevrolet ta 1973 zuwa 1987 kuwa shasinta ne ke tsagewa a mazaunin akwatin sitiyari, musamman in an sa mata manyan tayoyi. Ford Model A ta 1928 zuwa 1931 ƙwallayen hannuwanta ne ke cinyewa su koma kamar ƙwai. Kafin ka fara, nemi waɗanda suka daɗe da irin motarka ka tambaye su inda take karyewa.

5. Me zan iya dubawa da kaina ban kwance komai ba?

Mutum biyu ake so. Motar tana ƙasa, tayoyi sun fuskanci gaba, ɗaya ya riƙa kaɗa sitiyari dama da hagu a taƙaice, ɗaya ya durƙusa da tocila yana bin gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora yatsa a kan kowace mahaɗa. Yatsa yana jin motsin da ido ba ya gani. A lura da akwatin ma, in yana motsi a kan shasi to ko ƙusa ta saki ko shasin ya tsage. Don samun ma'auni, ƙa'idar gwajin motoci ta Birtaniya tana yarda da wasan da bai wuce milimita 13 ba a bakin sitiyari mai faɗin milimita 380 in mai rak ne, ko milimita 75 in mai akwati ne.

Daga nan a ɗaga gaban motar a tokare ta da kyau, kada a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In akwai motsi, sa a taka birki ka sake: in motsin ya ɓace boris ne, in yana nan kinfin ne ko bol-join. Kama ta gefe da gefe kuma don jin tayirod. Sannan ka goge kayan ka duba da gilashin ƙara girma. Siririn layi a cikin fenti, ko jan garin tsatsa da ke fitowa a layi ɗaya kamar an zana shi, ko wurin da fenti ya ɓare shi kaɗai a cikin lanƙwasa, duk dalili ne na a ajiye motar a kwance sashen.

6. Yaya ake gwajin jan ruwa?

Gwangwanayen feshi uku ne: mai wankewa, jan ruwa mai ratsawa, da farar hoda. A wanke ƙarfen tas ya bushe. A fesa jan ruwan a bar shi minti 10 zuwa 30 ya tsotsu cikin duk wata kafa. A goge na saman da tsumma, sannan da wani tsumman da aka ɗan jiƙa da mai wankewar. Nan ne mutane ke kuskure: kada a fesa mai wankewar kai tsaye a kan ƙarfen, zai wanke har abin da ya shiga tsagar, a tashi a ga fari fat a yi murna a banza. Sai a fesa farar hodar siririya a jira aƙalla minti 10. Tsaga za ta fito jan layi a kan fari. In ƙarfen ya yi sanyi ƙasa da digiri 10 ko zafi sama da 50, sakamakon ba abin dogaro ba ne.

Dabarar tsohuwa ce. A ma'aikatun jirgin ƙasa na da, mai da kananzir ake shafa wa ƙarfe, a goge, a shafa garin alli, a jira man ya ɓullo ta tsagar. Amfanin jan ruwa shi ne yana aiki a kan kowane ƙarfe, har da alminiyom da tagulla, don haka shi ne na jikin akwatin sitiyari in na alminiyom ne. Rauninsa kuwa, tsagar da bakinta ke buɗe kaɗai yake nunawa. In giris ko tsatsa ko fenti ya toshe ta, ba zai gan ta ba.

7. To gwajin maganaɗisu fa? Wanne ya fi?

Ga ƙarfen da maganaɗisu ke kamawa, wato kusan duk sifindil da fitman da hannun sitiyari, wannan ya fi, kuma shi nake ba da shawara. Ana sa wa ƙarfen ƙarfin maganaɗisu, a watsa masa garin ƙarfe mai laushi, busasshe ko cikin ruwa. Inda akwai tsaga ƙarfin yana yoyo waje, sai garin ya taru a wurin ya zana ta. Akwai garin da ke ƙyalli a ƙarƙashin fitila ta musamman a ɗaki mai duhu, shi ne ke nuna mafi sirantar tsaga. Makanikai da yawa suna kiran gwajin Magnaflux, sunan kamfanin Amurka da ya yaɗa shi tun shekarun 1930. Masu gyaran karanshaf da masu kula da jiragen sama ne suka fi samun na'urar.

Abu biyu za ka tambayi mai gwajin. Na ɗaya, ya gwada ta fuska biyu? Tsagar da ta kwanta a layi ɗaya da ƙarfin maganaɗisun ba ta fitowa, sai wadda ta gitta shi, don haka dole a juya. Na biyu, ya cire maganaɗisun bayan ya gama? In bai cire ba, sifindil ɗin zai riƙa jawo ɓurɓushin ƙarfe cikin boris.

8. Yaya zan tsaftace kayan kafin gwaji?

Da sinadarin cire fenti da na cire maiƙo. Guji giranda, da buroshin waya na inji, da feshin yashi ko ƙwayoyin gilashi da ƙarfi, domin suna dame saman ƙarfen su like bakin tsagar, gwajin jan ruwa kuma ya wuce ta. Bayan an gwada an ga lafiya, fenti siriri ya isa. Fentin hoda mai kauri da ake gasawa yana da kyan gani, amma tsaga tana iya girma a ƙarƙashinsa bai nuna ba.

9. Tsofaffin makanikai suna rataye ƙarfe su ƙwanƙwasa su saurari ƙararsa. Yana aiki?

Yana kama babbar tsaga: lafiyayyen ƙarfe yana amo mai tsawo, tsagagge ya yi bif. In ya yi bif ka gama da shi. Amma in ya yi amo, ba ka san komai ba tukuna, ƙaramar tsaga ba ta hana amo.

10. Na sami ƙaramar tsaga. Ba za a yi mata walda ba?

A'a. Waɗannan sassa ƙera su aka yi, aka kuma gasa su aka sanyaya bisa ƙa'ida don su sami ƙarfi da jimiri tare. Zafin walda yana rushe wannan aikin a kewayen wurin: wani yanki ya yi laushi, wani ya yi tauri mai karyewa kamar kwalba, kuma duk a daidai inda nauyi ya fi taruwa, tunda shi ya sa tsagar ta fito nan tun farko. Mai waldar ma bai san haɗin ƙarfen da ke gabansa ba. Ford Model T, wadda aka yi fiye da miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927, ƙarfe mai haɗin banadiyom aka yi manyan sassanta da shi, wata motar kuma wani haɗin ne dabam. A gwajin motoci na Birtaniya, walda ko alamar zafi mai yawa a kan irin waɗannan sassa tana sa mota ta faɗi gwajin.

Goge tsagar da magagari ma ba mafita ba ce, domin abin da ka gani a sama ba shi ne zurfinta ba. Sashen da aka tabbatar ya tsage a yanka shi biyu kafin a jefar, ko a shafa masa jan fenti. In aka jefa shi cikin tarin kaya haka nan, wata rana wani zai tsince shi ya ɗaura a motarsa. Shasi ne kaɗai daban: shi ana yi masa walda da faranti na ƙarfafawa, in gwani ne zai yi.

11. Hannun ya ɗan lanƙwashe bayan na faɗa rami. A miƙe shi da wutar gas?

Matsalar zafi ɗaya ce da ta tambaya ta 10. Tun zamanin Model T kamfanin Ford ke gargaɗin kada a sa wa aksul ko sifindil wuta wajen miƙewa, a miƙe su da sanyi. Ni dai a hannun sitiyari da fitman na fi son a sauya kawai. Bugun da ya isa ya lanƙwasa hannun kuma ya ratsa sauran jerin, don haka sifindil da shaf ɗin akwati ma su je gwaji. Duba haƙoran shaf ɗin da kyau, in sun ɗan murɗe ba su miƙe sak ba, ya tashi aiki.

12. Ina so in yi wa tayirod da fitman kurom su yi ƙyalli. Akwai laifi?

Akwai. Kyan ɗan maciji ne. Lokacin shafa kurom da lantarki, iskar haidirojin tana shiga jikin ƙarfen, kuma ƙarfe mai tauri in ya sha ta yana iya karyewa ba gargaɗi. Maganinsa a gasa kayan a zafin wajen digiri 190 na tsawon awoyi, a kuma fara cikin awa huɗu da gama shafawar. Masu yin kurom na ado ba lallai su yi haka ba sai an nema. Ga kuma gogewar da ake yi kafin shafawa tana rage nama tana like tsaga. In ka sayi mota da irin wannan kayan kuma ba ka san tarihinsu ba, sa su a jerin abin sauyawa.

13. Tayoyin zamani suna da hannu a ciki?

Suna da shi. Motocin da aka zana kafin tayar radiyal ta yaɗu, wadda Michelin ta fito da ita kasuwa a 1949, an yi lissafinsu ne da siririyar taya mai sulɓewa kafin nauyi ya yi yawa. Taya mai faɗi mai kama ƙasa ba ta sulɓewa, sai ta miƙa duk ƙarfin ga hannun sitiyari. Haka ƙafafun da aka turo waje, da birkin da aka ƙara wa ƙarfi, suna ƙara wa gindin sifindil nauyi. Amma abin da ya fi gallaza wa kayan shi ne murɗa sitiyari mota na tsaye cik. Bar ta ta ɗan gangara, ko da tafiyar kunkuru ce, sannan ka murɗa.

14. Man da ake sawa yana da alaƙa da karyewa?

A wasu motoci ƙwarai kuwa. Triumph Herald da Spitfire suna da wata mahaɗar tagulla a ƙasan ƙafar gaba, wadda ƙarshen sandar tsaye mai ɗauke da sifindil ke juyawa a cikinta a kan zare. Man giya mai lamba 90 aka ce a sa mata. In aka cusa giris, sai ya bushe ya bar zaren ba mai, ruwa ya shiga, tsatsa ta ci gindin zaren, sandar ta ɓalle, yawanci a ƙaramin gudu lokacin shan kwana. Morris Minor ma tana da mahaɗa mai zare, ita giris take so a kai a kai, in aka yi sakaci zaren ya cinye ƙafar ta zame. A bi littafin motar, kuma a ɗaga ƙafar lokacin sa man don ya sami hanyar ratsawa.

15. In zan sauya, sabo zan saya ko tsohon da aka cire daga wata motar?

Tsohon da aka cire daga wata motar shekarunsa ɗaya da naka, don haka kada ya hau motar sai ya ci gwajin tambaya ta 7. Sabo kuma a tambayi yadda aka yi shi, don kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Akwai na ƙira, akwai na zubi, kuma na ƙira ake so, ko wanda aka fiƙe daga ƙarfen da aka san haɗinsa aka gasa shi daidai. Sau da yawa ana ganewa daga layin da ke gefen ƙarfen: na ƙira faffaɗa ne, na zubi siriri kamar zare. Duba gindin sifindil kuma, ya kasance da lanƙwasa mai santsi ba kusurwa mai kaifi ba.

Wajen ɗaurawa, wuyan bol-join da raminsa su kasance a bushe, su zauna daram. Noti mai tsaga-tsaga in tsagarsa ba ta zo daidai da ramin fin ɗin da ke kulle shi ba, a ƙara matsewa zuwa tsaga ta gaba, kada a sassauta baya. Fin kuma sabo kowane lokaci.

16. Sau nawa ya kamata a yi duk wannan?

Girgizawar tambaya ta 5 aƙalla sau ɗaya a shekara, da kuma kafin doguwar tafiya. Cikakken gwajin tsaga kuwa da zarar motar ta shigo hannunka, sai bayan duk wani bugu mai ƙarfi ko rawar ƙafar gaba mai tsanani, sai kuma duk lokacin da aka kwance gaban motar don wani aikin, tunda kayan na hannu. Mai shiga gasar tsere da motarsa ya yi duk kakar gasa. A Birtaniya tun watan Mayun 2018 yawancin motocin da suka haura shekara 40 an ɗauke musu gwajin shekara-shekara, ma'ana ba wanda zai leƙa ƙarƙashinsu in mai su bai leƙa ba. Riƙe ɗan littafi ka rubuta sashen da aka gwada, da ranar, da hanyar da aka bi.

17. Wani sashe ya riga ya karye. Me zan koya daga gutsattsarin?

Kada ka haɗa bakunan biyu don ganin ko sun dace, za ka goge shaidar. Kada ka wanke su da buroshi. Duba fuskar karayar cikin haske. In gajiya ce za ka ga yanki biyu: ɗaya sumul, mai duhu ko tsatsa, da layuka masu lanƙwasa jere kamar sawun ruwa a kan yashi, ɗayan kuma sabo fil, mai haske da kaushi. Mai duhun shi ne tsohuwar tsaga, mai hasken shi ne abin da ya rage yana riƙe da motar har ranar. Wasu in suka ga ƙyallin sai su ce ƙarfen ne ya tsufa ya koma gishiri-gishiri. Ba haka ba ne, kamannin karayar ƙarshe ne kawai.

Bi layukan zuwa inda suka fi ƙanƙanta, nan ne tsagar ta fara, kuma galibi za ka tarar da ramin tsatsa ko zanen kayan aiki ko kusurwa mai kaifi a wurin. Da ka gano shi, je ka daidai wannan wurin a sashen ɗaya gefen motar, ka kwance shi ka kai gwajin maganaɗisu kafin ka sake tayar da ita.